Ka Ce Musu Wasa Ne

Ƙofar farko da anka rufe mini a Jandutsi ce, wata Talata da rana ta take.

Na tsaida akori-kurar ƙungiya ƙarƙashin dalbejiya, na ɗauko kular tsoho Kalilu, na yi sallama zan kutsa kai kamar kullum. Sai ga Imran, ɗan ƙanensa, tsaye a bakin zaure. Ya tokare ƙofa da hannu ɗaya, fartanya a ɗayan. Mutumin da ban taɓa iske shi gida da rana ba.

"Baba Bala, aje nan. Za a shiga da shi."

"In aje ina? Wa zai tada bappan naka zaune?"

"Za a san yadda za a yi."

Ya ƙi haɗa ido da ni. Daga cikin gida ina jin tarin tsohon, irin wanda yake yi in ya ji ƙarar motata, don in san yana nan bai mutu ba.

Ni fa anka tare. Ni Bala Direba, wanda duk wanda ya yi tashar Jega zamanin manyan motoci ya san sunansa. Mota ta faɗa gulbi da ni da lodin albasa, na fito ina tofar da ruwa. 'Yan fashi sun harbe ni a hanyar Kwantagora, harsashin yana nan a cinyata har yau, shi ke gaya mini hadari ya taso tun kafin kowa ya gani. Sanƙarau ya kwashe rabin layinmu ya tsallake ni. Ban taɓa zama aji ba, amma na kai kaya Ikko na dawo ban tambayi kowa hanya ba. Ni ne yaron da anka haifa jiya yake cewa in aje kwano a zaure kamar baƙo.

Na aje. Na juya. Na koma mota.

Ƙungiyar matan Sabon Gari ce ke girkin, ƙarƙashin Hajiya Amatullahi. Su ke tuƙa tuwo su zuba a kuloli, don tsofaffi da marasa lafiyan da ba su iya fita, waɗanda masu kula da su ke wuni gona ko kasuwa. Sun samu mota, ba su samu direba ba. Na je da ƙafata na ce ga ni, ladana yana wurin Allah. Jega, Jandutsi, Aliero, wasu ranakun har Maiyama.

Ba iya tuƙi kaɗai ya sa sunka so ni ba, ko da yake a nan babu na biyuna. Furfura ce. Gidan da namiji baligi ba ya shiga, ni ina shiga har tsakar gida, har ɗakin mai jinya. In tada shi, in jingina shi da bango, in wanke masa hannu. Matan gida ko mayafi ba su ja in sun gan ni. "Baba ne," haka suke cewa, kamar an ce tunkiya ce ta shigo.

A haka na shiga ɗakin Mero.

Mero mai tuwon tasha. Duk direban da ya isa a kira shi direba ya ci tuwon shinkafarta da miyar sure, ya sha zaginta a kai. Mijinta ya rasu da daɗewa. Bara hawan jini ya kada ta a bakin murhu, ɓarin hagu ya shanye, ƙafa da hannu. Baki kaɗai ciwon ya ji tsoron taɓawa. Ɗanta Shamsuddeen yana Aliero da iyalinsa, yana bin lodin albasa Kudu, sai ya daɗe bai dawo ba. Ya yi ya yi ta koma wurinsa, ta ce ba ta barin ɗakin da ta tsufa ciki. Maƙwabciyarta Hamida ke shigowa da safe ta gyara ta.

Kullum na buɗe mata kula sai ta shinshina ta yamutsa fuska.

"Wa ya kaɗa wagga miya? Ka gaya mata kuka ba ta son gaggawa."

"Ki ci ki gode Allah."

"Allah kam na gode masa. Mai miyar ce ban gode ma ba."

Ni da matata ta rasu, 'ya'yana sunka watsu a garuruwa, sai na iske zagin miyar nan nake jira tun da safe. Ba ni da ɓoye-ɓoye a rayuwata. Na gaya wa Mero ina son ta da aure, ta ja mayafi ta rufe fuska ba ta ce a'a ba. Na sayi goro na kirki, na aiki abokina Jibrilla wurin ɗanta, yadda ake yi tsakanin mutanen ƙwarai.

Goron ya dawo ko ganyen ba a kwance ba. Maganar kuma ta riga shi zagaye gari.

Bayan Jandutsi sai Aliero, sai Maiyama. Gidan da jiya ake cewa "Baba, sannu da rana," yau sai in iske namiji zaune a zaure yana jirana. Ban canja fuska ba, furfurar tana nan, amma na tashi daga Baba na koma namiji.

Hajiya Amatullahi ta kira ni bayan madafa, inda mata ba su jin mu. Ta turo mini wata kula da ƙafa.

"Buɗe ka gani."

Ta Kalilu ce ta jiya. Tuwon yana nan mulmule kamar yadda anka zuba, miyar ta yi kumfa.

"Matan Imran sun tura masa har bakin ɗaki," ta ce. "Surukinsu ne, ba su iya shiga su ɗaga shi. Shi ma da ya bari su taɓa shi gara ya mutu. Imran bai dawo daga fadama ba sai da abincin ya lalace."

"To ba sai Imran ɗin ya zauna gida ya ciyar da shi ba, tunda ya iya tsaron ƙofa?"

"Ya zauna gida su ci mi? Malam Bala, ba Kalilu kaɗai ba ne. Na nemi mai maye gurbinka, duk wanda ya iya tuƙi saurayi ne, ko zaure ba za a bar shi ya wuce ba. Ni ba ni ganin laifinka, aure ka nema. Amma ka ga abin da ke cikin kular nan."

Na rufe kular. Murfin ya ƙi zama daidai.

Da la'asar Shamsuddeen ya same ni ina wanke mota. Yaro ne mai ladabi, wannan ba ni hana masa. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙe da jajayen idanu.

"Baba, me na yi maka?"

"Mi ka yi mini kuwa? Uwarka na nema da aure, ba sata na shiga yi ba."

"Ka san abin da ake kirana a kasuwar albasa? Ɗan amarya. In na wuce sai wani ya rangaɗa guɗa. Da ma ana cewa na bar uwata tana cin tuwon ƙungiya, na haɗiye. Yanzu an ce mai kawo tuwon ne zai ɗauke ta, har da kwanon."

"Bakin 'yan kasuwa zai hana ta samun mai zama kusa da ita?"

"Matar da ba ta tashi, Baba? Wa zai yi wa wani girki? Wa zai yi jinyar wani?"

"Ni zan yi duka. Na ɗauki buhun albasa a kowace kafaɗa lokacin ubanka yana..."

"Baba, don Allah." Ya share ido da bakin riga. "Bappa Ya'ƙub ya zo daga Andarai. Ya ce in aure take so, ga shi, ƙanen mijinta ne, gidansa cike da mata masu kula da ita. Ya ce bare ba zai shigo mana gida ta hanyar kwano ba."

Na san Ya'ƙub. Tun da Mero ta kwanta bai taɓa tako ƙafa ya duba ta ba, sai da ya ji wani ya ga abin so a wurinta.

"Ga mafita," in ji yaron. "Jibi bayan azahar za a zauna a zauren gidanmu, da Liman, da Bappa, da su Imran. Ka ce musu wasa kake yi, irin na tsofaffi, Malam Jibrilla ne ya ɗauka da gaske. Kowa ya yi dariya, a buɗe maka gidaje, ka ci gaba da aikinka."

"In ce ni Bala na aika goro da wasa?"

"Kalma ɗaya ce, Baba."

Washegari na kai wa Mero abinci a ƙarshe. Hamida ta karɓa a ƙofa, ta ƙi kallona don tausayi. Ɗakin Mero yana da 'yar taga da ke kallon lungu, mai sandunan ƙarfe da tsohon labule. Na zagaya na tsaya nan cikin rana, bayana jingine da katangar maƙwabta.

"Mero."

"Na ji ka tun daga kwana. Ba mai taka birki da fushi irin naka."

Ba na ganinta, labulen kaɗai nake gani. Muryar tana fitowa daga ƙasa, inda katifarta take.

"Yaya jikin?"

"Jiki yana inda ka bar shi. An ce Kalilu bai ci ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Ina kwance ne, ban kurumce ba. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Na ji ta tana jan numfashi, irin na mai son danne kuka.

"Bala, ka san mi ake ji in rana ta take, kana kwance, cikinka yana murɗawa, kunnenka yana kan titi? Kowace mota ta wuce ka ce ita ce. Ba ka sani ba. Kai mai kawowa ne. Ni na sani."

"Laifin masu rufe ƙofa ne, ba namu ba."

"Cikin Kalilu bai san mai laifi ba. Ni na ciyar da rabin direbobin ƙasar ga. Ban taɓa kife tukunya da sauran mai yunwa a kan bencina ba, ko da ƙanzo ne sai na kankaro masa. Yanzu da na tsufa a ce saboda ni wani tsoho ya wuni yana kallon tuwo daga nesa?"

"To mi kike so in yi?"

"Ka ce musu wasa ne."

Na kama ƙarfen tagar. Rana ta gasa shi, ban saki ba.

"Ke ma?"

"Ni ma."

"To ni fa, Mero?"

"Kai ai ka saba tsira. Ba kai ne gulbi ya tofo ba? Kullum sai ka ba ni labarin, har na haddace."

"Gulbi ya tofo ni, harsashi ya bar ni, duk gaskiya ne. Amma in na aje mota na koma gida, ni da bango muke cin tuwo. Ba mai ce mini miya ta yi gishiri. Ba mai ce mini ƙarya nake yi in na fara labari. Ke kaɗai ke ce mini ƙarya nake yi."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ban taɓa jin Mero ta yi kuka ba, ko ranar da anka ɗauko ta daga bakin murhu an ce zagin masu ɗaukarta take yi. Kuka ne mai nauyi, yana fita da kyar. Na tsaya ina kallon labule, ni da ke shiga ɗakin nan in gyara mata matashi, yau ko hannu ba ni iya miƙawa.

"Kana tsammanin ban so ba?" ta ce cikin kukan. "Tun da na faɗi, kowa ya shigo sai ya yi ƙasa da murya kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Kai kaɗai ka shigo kana musu da ni. Ranar da ka yi maganar nan na sa Hamida ta nemo mini kwalli. Ni da hannu ɗaya, na shafa har kunne. Ta yi ta dariya, ni ma na yi."

"To don mi za mu bari?"

"Don in ka ce wasa ne za su bar ka ka shigo. In gan ka, in zagi miya, ka yi mini ƙaryar Kwantagora, ka tafi. Ya ishe ni."

"Ni bai ishe ni ba."

"Sai ka koya."

"Ya'ƙub fa? An ce zai kai ki Andarai. Motar ƙungiya ba ta zuwa can."

Ta ja tsaki, hawaye bai hana ta ba.

"Wanga da na yi wa wanka yana yaro? Ina amarya a gidansu majina ke zuba a hancinsa. Yaron nan ya yi mini alkawari." Ba ta kama sunan Shamsuddeen, ɗan fari ne. "Ya ce in maganarka ta mutu, ta Andarai ma ta mutu. Ina nan ɗakina."

"Kin yarda da shi?"

"Ni na haife shi. Bala, ka yi mini wannan. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko ƙarin nama."

Wata akuya ta zo ta shinshina ƙafata ta wuce. Daga ƙarshe na ce mata to. Ita ce kalma mafi nauyi da na taɓa ɗauka, ni da na yi dako kafin in yi tuƙi.

Ranar zaman na sa babbar rigata mai aiki. In za a yanka mutum, a yanka shi cikin kayansa na kirki.

Zauren ya cika. Liman a kan buzu, Ya'ƙub a gefensa ya baje riga yana cin goro, Imran da masu gidajen Aliero da Maiyama sun jeru jikin bango. Shamsuddeen yana bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, kansa a ƙasa. Tsakanin ƙofar nan da ɗakin Mero tsakar gida ce kawai, duk abin da anka faɗa tana ji.

Liman ya yi addu'a, anka shafa.

"Malam Bala, magana ta yaɗu, ta kawo cikas ga aikin alheri. An ce akwai rashin fahimta. Muna son mu ji daga bakinka."

Na dubi Imran. Na tuna tuwon nan mulmule.

"Wasa ne," na ce.

"Ɗaga murya, Direba," in ji Ya'ƙub. "Ko batirin ya yi sanyi?"

"Na ce wasa nake yi. Jibrilla ne ya ɗauka da gaske."

Zauren ya kwashe da dariya, irin ta mutanen da anka sauke wa kaya. Imran har da tafa hannu.

"Ai na faɗa! Na ce Baba ne fa. Baba, gobe ka shigo abinka, tsohon nan ya hana mu sakat."

"Mu ma haka," in ji na Maiyama. "A yafe mu, Baba."

Ya'ƙub ya tofar da tukar goro a bakin ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa.

"Da ma mi ya rage a nan? Tsohuwar mota sai hon. Allah ya ba ka lada, Direba, ka yi ta jigilar tuwo."

Anka sake dariya. A zamanina na ɗaga wanda ya fi shi ƙiba na jefa a bayan mota. Na zauna, na sa hannuwana ƙarƙashin cinya na danne su.

Liman ya ɗaga hannu zai rufe da addu'a, sai Ya'ƙub ya ce a dakata.

"Tunda an taru, a gama gaba ɗaya. Wagga magana ta nuna mana zaman mace ita kaɗai ba shi da kyau, ko tsohuwa ce. Yau wasa ne, gobe wa ya sani? Matar yayana ce, ni ya kamata in rufa mata asiri. Juma'a mai zuwa a ɗaura, in zo da mota in ɗauke ta. Ko ba haka ba, ɗana?"

Na dubi Shamsuddeen. Kowa ya dube shi. Gumi yana bin wuyansa. Ƙanen ubansa ne, a gaban Liman, a gaban jama'a.

"Yadda ka ce, Bappa," ya faɗa a hankali.

Na yunƙura zan tashi. Sai na tuna ba ni da bakin magana. Yanzun nan na shaida wa duniya wasa nake yi, mai wasa kuwa ba shi da ta cewa a auren mutane. Na koma na zauna.

"To, Alhamdu lillahi," in ji Ya'ƙub. "Malam, a yi addu'a."

Liman bai ɗaga hannu ba. Ya karkata kai yana saurare. Mu ma sai munka ji. Wani sauti ne daga tsakar gida, kamar ana jan buhu a ƙasa. A ja, a tsaya. A ja, a tsaya. Da nishi a tsakani.

Labulen ƙofar ya motsa daga ƙasa.

Mero ce. Da gwiwar hannu ɗaya ta jawo kanta tun daga ɗaki, a kan ƙasar da rana ta gasa. Zanenta ya yi buɗu-buɗu, fatar hannun ta saluɓe tana jini, kallabinta ya zame. Rabonta da ganin zauren nan tun ranar da anka shigo da ita a kwance.

Maza sunka sunkuyar da kai. Shamsuddeen ya yi ƙara ya faɗi kan gwiwoyinsa.

"Inna! Inna, me ya fito da ke?"

Ya kai hannu zai ɗauke ta.

"Kar ka taɓa ni."

"Inna, jini..."

"Na ce kar ka taɓa ni. Ka yi mini alkawari da bakinka."

Ya janye hannun ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ta jingina kai da dokin ƙofa tana maida numfashi. Ba wanda ya motsa.

"Wancan tsohon ƙarya ya yi muku," ta ce. "Ni na sa shi. Duk ƙaryar da yake yi a duniya, wagga ce kaɗai ba tashi ba."

"Haba Mero," in ji Ya'ƙub, "ki ji kunyar..."

"Yi mini shiru, Ya'ƙub. Da ka san kunya da ka zo duba ni tun ina amai a kwance." Ta juya ga masu jikin bango. "Ku kuma masu rufe ƙofa. Tsoronku tsoho ne da ba shi da mata, yana shiga gidajenku yana neman aure, ko ba haka ba? To ku ba shi matar, ya daina nema. Ko kun taɓa jin wanda ya auri Mero ya samu sukunin kallon wata?"

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Imran ya dubi na Maiyama, na Maiyama ya dubi ƙasa.

Ni dai ina zaune. Ruwa yana bin gemuna yana ɗiga a kan aikin rigar, ban share ba.

Ya'ƙub ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Shamsuddeen, in ka bari wagga magana ta wuce nan, ba ni ba kai. Ka nemi wani dangin uba."

Yaron bai ɗago ba. Mero ma ba ta dubi Ya'ƙub ba. Liman take kallo.

"Malam, kai ka san littafi. Macen da ta yi aure ta haihu, mijinta ya rasu, ana ɗaura mata aure ba a tambaye ta ba?"

Liman ya gyara zama a kan buzu. Ya dubi Ya'ƙub da ke tsaye, ya dubi yaron da ke kuka.

"Ba a ɗaurawa. Sai an ji daga bakinta."

Ta kai hannun nan mai jini ta jawo kallabinta, ta gyara shi ya zauna daidai.

"To ga ni na zo, Malam. Tambaye ni."